Ruwan wardin da na saya a Wunti: ya karɓi zoɓo, humra ta ƙi shi

Ana saura sati biyu bikin ƙanwata na shiga kasuwar Wunti da ke Bauchi neman citta da kanumfari, sai mai shagon da na saba sayen kayan ƙamshi a wajensa ya miƙo min wata 'yar kwalba. "Hajiya, ruwan wardi ne, na ci, ba irin na shafawa a fuska ba. Ki jarraba a zoɓo." Na karɓa, na haɗa da ƙullin busasshen furen.

Da farko raina bai kwanta da sa fure a abinci ba. Can na tuna ai zoɓon kansa kwanson furen yakuwa ne, kanumfari kuma tohon fure ne da ake tsinkewa kafin ya buɗe. Miyar gurjiya da kakarmu ke kaɗawa ma daga fure take.

Gwajin farko ganganci na yi. Murfi uku na juye a jarka mai lita 5, maigida ya kurɓa ya dube ni: "Maman Ummi, sabulu kika jiƙa mana?" Da na sake, sai na bari zoɓon ya huce tukuna, domin zafi na kore ƙamshin, na rage citta, na hana shi filebo, na sa cokalin shayi ɗaya tak. Nan ne na gane kuɗina bai tafi a banza ba. Tsamin ya lafa, ƙamshin kuma sai ka haɗiye yake taso maka. Na ɗiga kaɗan a ruwan sukarin dublan, dangin ango har tambaya suka aiko.

A humra kuwa asara na yi. Shi ruwan wardin, ruwa ne da aka tatsa ta tururi, man da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba, ba kamar man wardin Ɗa'ifa da alhazai ke sayowa da tsada a Saudiyya ba. Soyayyen farce da miski suka danne shi, haɗin da ke kwalbar ya rabu biyu, kwana uku babu ko alamarsa. Busasshen furen ma da na barbaɗa a kasko, ƙaurin ciyawa ya yi.

Abin da ya ɓata min rai shi ne murfin yana yoyo, ga rubutun ranar lalacewa ya goge. Ragowar na juye a kwalbar gilashi na sa a firji, na zoɓon azumi ne.