Hantar da likitan Sin yake nufi daban take da tamu

Wata huɗu na yi ina fama da kumburin ciki bayan cin abinci, ga wani ɗaurewa a ƙasan haƙarƙari, ga saurin fushi har yarana suka fara kaffa-kaffa da ni. Yayata ce ta matsa in gwada wani ɗakin maganin gargajiya na ƙasar Sin da ke Wuse 2 a Abuja, na taso daga Kubwa na je.

Likitan dattijo ne, ba ya gaggawa. Ya ɗora yatsu uku a wuyan hannuna na dama, ya koma na hagu, ya yi shiru yana sauraron bugun jini. Sannan ya sa na fito da harshe. Ya nuna min a madubi yadda gefensa ya yi shatin haƙora. Ya tambayi barcina, bayan gida, al'ada, har da ko ina yawan ajiyar zuciya. Wallahi ina yi, kuma ba wanda ya taɓa tambayata.

Sai yarinyar da ke mana tafinta, 'yar Jos ce, ta ce: "Anti, ya ce hantarki ta cushe, ta danne saifa." Gabana ya faɗi. Ciwon hanta ne ya ɗauke ƙanin mahaifina, na san yadda idonsa ya koma ɗorawa. Washegari na tafi asibiti aka gwada jinina, sakamako ya fito lafiya lau.

A zuwa na biyu ne aka yi min bayanin da ya kamata a fara da shi. A tsarinsu gaɓoɓi biyar ne jigo: zuciya, hanta, saifa, huhu da ƙoda, amma kowace suna ce ta wani aiki a jiki. Hanta ita ke tafiyar da ƙarfin jiki da suke kira "qi" da Sinanci, kuma da fushi suke haɗa ta. Saifa ke kula da narkar da abinci, yawan tunani ke raunana ta. Ƙoda kuwa, in ruwanta ya yi ƙasa, sai gumin dare, ciwon ƙugu da ƙarar kunne. Bayanin ya tuna min da yadda kakata ke cewa sanyi ya shigi mutum, ba tana nufin hunturu ba. Wannan ne babban ƙorafina da wurin: a ƙasar da ciwon hanta ya yi mana yawa, bai kamata a furta kalmar hanta ga mara lafiya a bar shi ya kwana da ita ba.

Maganinsu shi ne tsira allurai a jiki da kuma garin magani na sha. Tsira allurar ba ta da zafi. Siririya ce kamar gashi, sabuwa aka ɓare a gabana, ɗaya tsakanin babban yatsan ƙafa da na kusa da shi, ɗaya ƙasan gwiwa. Garin maganin akwai citta da na'a-na'a a ciki, na ji su a harshe. Wani ƙunshi na ƙi karɓa domin rubutun Sinanci ne zalla, babu lambar NAFDAC, kuma ba su ja da ni ba.

Bayan zama shida kumburin ya ragu sosai, barci ya dawo. Na kuma daina cin tuwo ƙarfe goman dare kamar yadda ya ce, ina ganin wannan ma ya taimaka. Kuɗin dai da nauyi ga ma'aikaciyar gwamnati. Zan koma wata mai zuwa, da takardar gwajina a jaka.