Kayan gwajin Polybrene a ɗakunan gwaji na Garwa da Marwa

Jajayen ƙwayoyin jini ba sa manne wa juna a jiki, domin bayan kowace ƙwaya lulluɓe yake da sinadarin siyalik asid mai cajin nagatif, kowace na ture 'yar'uwarta. Polybrene, sinadarin da ake amfani da shi wajen gwada dacewar jini kafin ƙarin jini, cajin fozitif gare shi. Da ya shiga sai ya kashe wannan turewar, ƙwayoyin su haɗu. A kan wannan aka gina kayan gwajin dacewar jini masu kwalabe uku: ruwa mai ƙarancin gishiri, Polybrene mai ƙarfin kashi 0.05 cikin ɗari, da ruwan warwarewa mai sitiret.

A sa ɗigo 2 na ruwan jinin majiyyaci da ɗigo 1 na ƙwayoyin mai bayarwa, waɗanda aka tsarma kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. A ƙara ruwa mai ƙarancin gishiri kimanin mililita 0.6, a bar shi minti 1. A ɗiga Polybrene ɗigo 2, a juya a injin juya kwalaben gwaji (centrifuge) daƙiƙa 10, a tsiyaye. Dole a ga dunƙule a nan. In babu, gwajin ya ɓaci, a sake. Sai ɗigo 2 na ruwan warwarewa, a kaɗa a hankali. Dunƙulen da sinadarin kaɗai ya haddasa yakan watse cikin 'yan daƙiƙu. Wanda ya tsaya, antibodi ne ya ɗaure shi, wato sinadarin garkuwar jikin majiyyaci da ke yaƙar baƙin ƙwayoyi, kada a ɗaura masa wannan ledar jinin.

Amfaninsa a wurinmu babba ne. Ba a bukatar tukunyar ɗumi ta digiri 37, wadda ɗauke wuta ke hana ta aiki, kuma cikin minti biyar an san amsa, ga mai naƙuda da ke zubar da jini wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma heparin, maganin hana jini daskarewa, na kashe ƙarfin Polybrene, don haka jinin da aka ɗiba a kwalba mai heparin yakan ƙi dunƙulewa. Kaɗawa da ƙarfi na farfasa dunƙule mai rauni. Zafin Maris da Afrilu kuma yana lalata kwalaben da aka bari kan tebur, a bi ma'aunin ajiya da ke jikinsu.

Babbar kasawarsa ita ce antibodin tsarin Kell (ɗaya daga cikin rukunonin jini), wanda sau da yawa yake kuɓuce masa. Mai ciwon sikila da aka sha yi wa ƙarin jini, bai kamata a dogara da Polybrene kaɗai a kansa ba, a bi da gwajin Coombs, wani gwajin gano antibodin da ya manne wa ƙwayoyin jini.