Shafin duba lasisin 'yan kwangila na Kaliforniya: yana aiki, amma kafin kuɗinka su fita

Jama'a masu gida a Kaliforniya, ko masu shirin kiran wani ya gyara musu rufi, banɗaki, wayarin ko famfo, ga ra'ayina a kan shafin hukumar CSLB, wato hukumar da ke ba 'yan kwangilar gini lasisi a jihar. In da tauraro ake bayarwa huɗu zan ba shi cikin biyar. Kyauta ne, ba sai ka buɗe akawun ba, ba sai ka ba su imel ba, a waya ma yana buɗewa lafiya lau. Ɗayan da na riƙe kuma zan faɗi dalili a ƙasa, dan akwai abun da mutane ke zaton shafin zai musu wanda ba aikinsa bane sam.

Hukumar dai ba sabuwa bace, tun 1929 take, hedikwatarta na Sakaramento. Kafin su ba mutum lasisi sai ya nuna ya yi aikin na aƙalla shekara 4 a matsayin gwani ba ɗan koyo ba, ya ci jarrabawa ta sana'ar da ta doka, an ɗauki zanen yatsunsa, sannan duk shekara 2 ya sabunta. To kun ga lambar nan ba ado bace. Doka ta ce ya sa ta a jikin talla, a katinsa, a takardar kwangila, har a jikin motar aiki. Duk wanda ka tambaye shi lamba ya fara sosa ƙeya yana cewa ai tana ofis, ko ai ta oga ce, ka riga ka samu amsarka tun baka taɓa waya ba.

Yanda ake amfani da shi ba wuya. Ka shiga cslb.ca.gov, ka nemi wajen duba lasisi, ka sa lambar ko sunan kamfani ko sunan mutumin. Abun da zai fito shi ne sunan kamfanin da adireshi, ranar da aka ba da lasisin da ranar da zai ƙare, ko yana aiki ko an dakatar ko an soke, irin aikin da aka yarje masa, kamfanin da ya tsaya masa lamuni (wato mai biyan diyya in ya cuci wani), inshorar ma'aikata, da kuma sunayen mutanen da ke kan lasisin. Wannan na ƙarshen shi ne mutane ke tsallakewa, kuma a ganina shi ne ya fi komai amfani.

Ga dalili. Wani ya taɓa ƙwanƙwasa min ƙofa, riga mai tambari, tsani a bayan mota, wai sun gama aiki a layin baya kayan rufi sun yi saura, kuma daga titi ya hango rufina ya fara lalacewa ta gefe, zai min rabin kuɗi in dai yau ne. Ya miƙo kati da lamba a jiki rangaɗaɗau. Yana tsaye na sa lambar a waya, ta fito kuwa, lasisi na aiki, komai fes. Sai dai lasisin na fenti ne ba na rufi ba, garin da ke adireshin ba kusa ba, sannan da na buɗe jerin sunayen babu sunan da ya gaya min. Na ce malam ko zan ga katin lasisinka na aljihu da wani aidi mai hoto? Sai ya tuna wai yaransa na jiransa a wajen aiki, zai dawo. Har yau yana dawowa. Lambar wani ya ara ko ya sata oho, amma wanda ya tsaya a kan “ai lambar ta fito” kawai da tuni ya shiga hannu. Hukumar na ba kowane mai lasisi ƙaramin kati na aljihu, ka nemi ka gani, ka haɗa sunan da fuskar, ka kira lambar wayar da ke shafin ba wadda ke kan katin talla ba.

Maganar irin aiki kuma a kula. Harafin B na babban gini ne, C kuma na sana'a ɗaya ɗaya, C-10 lantarki, C-36 famfo, C-39 rufi, C-33 fenti, C-20 na'urar ɗumama gida da sanyaya shi. Mai fenti ba shi da hurumin ya ɗauki kwangilar canja maka wayarin komai iya bakinsa.

Yanzu abun da ya fi burge ni, kuma gaskiya shi ya sa na zauna rubuta wannan, shi ne dokar kafin alƙalami. A Kaliforniya in aikin gyaran gida ne ɗan kwangila ba zai karɓi sama da kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin ba, ko dala 1,000, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Ku sake karantawa, wanda ya fi ƙanƙanta fa. Aikin dala 6,000 kafin alƙalaminsa 600 ne. Aikin dala 60,000 kuma ba 6,000 bane, 1,000 ne cak. Bayan nan duk abun da zaka biya bai kamata ya wuce darajar aikin da aka riga aka yi ko kayan da aka riga aka sauke maka a gida ba. Akwai 'yan tsirarun kamfanoni masu wani lamuni na musamman da aka ɗauke musu wannan sharaɗi, amma ba su ne ke yawo gida gida ba. To in ka duba kusan duk labarin damfarar gyaran gida da ka taɓa ji, daga nan yake farawa, “kawo rabi in sayo kaya”, a zo a fasa maka banɗaki a cire tayil a bar ka da ƙura da bututu a buɗe, daga nan waya ta daina shiga, in ta shiga a ce mota ce ta lalace, gobe a ce rasuwa aka yi, jibi a ce kaya sun tashi sai ka ƙaro, kai kuma ba yanda ka iya sabida kuɗinka na can gidanka kuma ba ya zaunuwa. Wanda ya riƙe dokar dala 1,000 ɗin nan ya toshe babbar ƙofar. Kuma shafin ya yi bayaninta ɓaro ɓaro, ba sai ka nemi lauya ya fassara maka ba.

Wani zai ce to ƙaramin ɗan kwangila mai gaskiya da ba shi da jari fa, da me zai sayi kaya? Tambaya ce mai kyau, ni ma ina tausaya musu. Amma hanya na nan, a sauke kayan a gidanka ka gani da idonka ka biya kuɗinsu a take, ba wanda ya cutu.

Sauran dokokin da zaka tarar a shafin a gurguje. Aikin da ya wuce dala 500 sai da kwangila a rubuce, da kuɗin gaba ɗaya, da tsarin biya, da lokacin farawa da gamawa, duk wani canji kuma a rubuta a sa hannu kafin a yi shi. Galibin irin wannan kwangila kana da kwana 3 na aiki da zaka iya fasawa, mai shekara 65 zuwa sama kwana 5, sabida tsofaffi su ne 'yan damfarar nan suka fi yi wa dirar mikiya. In gyaran ɓarnar wani bala'i ne da gwamnati ta ayyana kwana 7 ne. Mara lasisi kuwa, a da aikin ƙasa da dala 500 kawai zai iya ɗauka, daga 1 ga Janairun 2025 aka ɗaga zuwa 1,000, kuɗin kaya da na aiki a haɗe, da sharaɗin aikin ba ya buƙatar izinin gini kuma bai ɗauki wani ya taya shi ba. Ba a yarda a yanka babban aiki gunduwa gunduwa dan a zille wa wannan ba.

Hukuncin ma ba wasa. Kwangila ba lasisi karon farko zai iya kai mutum gidan yari har wata 6, ko tarar da ta kai dala 5,000, ko duka biyun. In kuma a yankin da aka ayyana bala'i ne, irin unguwannin Altadina da Falisedis na yankin Los Anjalis bayan gobarar Janairun 2025, ana iya ɗaukarsa babban laifi. Hukumar na da jami'ai da ke ɗana tarko, su yi kamar masu gida su kira masu talla su zo su yanka farashi, daga nan a yi ram da su. Akwai kuma wani sashe da ni dai yake ban mamaki, sashe na 7031 na dokar kasuwanci da sana'o'i ta jihar: mara lasisi ba zai iya kai ka kotu a kan kuɗin aikinsa ba, kai kuma kana iya neman ya dawo maka da duk abun da ka biya ko da aikin ya yi kyau. A takarda kenan. Samun hukunci daban, samun kuɗi a hannun wanda ya canja lambar waya ya bar gari daban.

Nan ne maganar tauraron da na riƙe ta shigo.

Na farko shafin ba ya gaya maka ko mutum ya iya aiki. Lasisi na nufin ya cika sharuɗɗa, ba ya nufin tayil ɗinsa zai miƙe ko zai zo ranar da ya ce. Kuma ba kowane ƙorafi ake bugawa a shafin ba, sai wanda ya kai wani mataki na hukunci, dan haka shafi fari tas ba shaidar cewa ba wanda ya taɓa kuka da shi bace. Dole ka nemi farashi daga mutum uku, ka nemi lambar waɗanda ya yi wa aiki kwanan nan ka kira su da kanka, in da hali ka je ka ga aikin.

Na biyu lamunin nan da zaka gani a rubuce, dala 25,000 tun farkon 2023, a da 15,000 ne. Mutane na ganinsa hankalinsu ya kwanta kamar nasu ne su kaɗai. Ina! Ba na kowane aiki bane, tukunya ɗaya ce ta duk wanda ya cuta, in ya damfari gida goma kowa da cokalinsa zai zo. Ga shi gyaran kicin ɗaya ma yana iya haura wannan kuɗin. Sannan inshorar ma'aikata daban take da inshorar ɓarna, wato wadda ke biya in ya yi maka ɓarna a gida. In shafin ya nuna ya ce ba shi da ma'aikata amma ya zo maka da mutum huɗu a bayan mota, to akwai matsala, in ɗaya ya faɗo daga tsani a gidanka magana na iya dawowa kanka. Masu rufi su dole ne su yi inshorar ma'aikata ko suna da ma'aikata ko babu. Inshorar ɓarna kuwa ba a wajabta wa yawancinsu ba, sai ka tambaya ka ga takarda.

Na uku, wanda ya fi ciwo, kuma shafin duba lasisi ba zai hango maka shi ba. Kana iya biyan ɗan kwangila kuɗinsa kaf, shi kuma ya ƙi biyan wanda ya ba shi katako ko wanda ya ɗauko ya yi masa wayarin, su kuma doka ta ba su dama su ɗora da'awar bashi a kan gidanka, naka fa ba nasa ba, har ta kai ka biya sau biyu ko gidan ya ƙi sayuwa. Shi ya sa in takardar sanarwa ta zo maka ta gidan waya daga wani kamfani da baka sani ba a farkon aiki kar ka jefar, ba ƙara bace, suna sanar da kai ne cewa suna cikin aikin. Ka adana, kuma duk biyan da zaka yi ka karɓi takardar da suka sa hannu cewa an biya su, ko ka rubuta cakin banki da sunan ɗan kwangilar da na kamfanin a haɗe. Tsabar kuɗi hannu da hannu ba rasit kam kar ma a fara. Bayanin wannan doka duk yana cikin shafin hukumar, sai dai sai ka ɗan tona kafin ka kai gare shi, ni da a gaba gaba zan sa shi da manyan baƙaƙe.

In abun ya riga ya faru akwai wajen shigar da ƙorafi a nan shafin, galibi cikin shekara 4 da faruwar abun. Su kan fara da ƙoƙarin sasanta ku, in ya ƙi a yi bincike, suna iya cin tara, dakatar da lasisi, soke shi, ko miƙa wa mai gabatar da ƙara. Suna da tsarin sulhu na wajen kotu ma ga wasu rigingimun. Amma su da kansu basu ɓoye ba cewa ba su da tabbacin dawo maka da kuɗi, aikinsu ladabtarwa ne. Dan kuɗi sai ka bi kamfanin lamuni, ko ƙaramar kotu wadda ke sauraren har dala 12,500 ga mutum ɗaya ba tare da lauya ba, abun da ya wuce haka kuma sai babbar kotu da lauya da haƙuri. Duk inda zaka bi takarda za su tambaya, kwangila, rasit, hotunan aikin kafin da bayan, saƙonnin waya, har hoton shafin lasisin na ranar da ka sa hannu yana da kyau ka ɗauka ka ajiye tunda matsayin lasisi na iya canjawa ana tsakar aiki.

'Yan uwa da ke wasu jihohin kar ku ɗauki waɗannan lambobin ku je kuna musu da su, kowace jiha da nata. A Merilan kafin alƙalami na iya kaiwa kashi ɗaya cikin uku na kuɗin aikin, amma su suna da asusu da ke biyan mai gida har dala 30,000 in mai lasisi ya cuce shi, irin asusun da Kaliforniya ba ta da shi na kowa da kowa. A Tezas kuwa jiha ba ta ma ba babban ɗan kwangilar gini lasisi, sai masu lantarki da famfo da irinsu, saura sai ka tambayi ofishin izinin gini na birninku.