Kwaroron roba ko ƙwayar PrEP ga ma'auratan Tailan

Shirin da aka faro a lardin Ratchaburi na ƙasar Tailan a 1989 ya sa kwaroron roba ya zama dole a gidajen karuwai, kanjamau ta ja baya sosai. A ɗakin aure kuwa labarin daban ne: matar da ta ciro shi daga ƙarƙashin matashi, sai miji ya ce zarginsa take. Ga shi kwaroron yana hana ciki, ko da suna son ɗa.

PrEP ƙwayar rigakafin kanjamau ce ɗaya kullum, wanda bai kamu ba yake sha, ba sai an yi jayayya a gado ba. Amma ba ta tare ciwon sanyi, kuma duk wata 3 sai an koma gwaji. Ga masu neman haihuwa dai, ni ita na fi so.