Na kai mandolin ɗina saiti, ashe ba yatsuna ne da laifi ba

Kusan wata takwas ina fama da mandolin ɗin nan, wani ɗan kayan kiɗa ne mai tsirkiya kamar ƙaramar gita, in na yi minti goma ina kaɗawa sai kan yatsuna ya yi jawur har da shatin tsirkiya. Ni dai na ɗauka haka abin yake tunda tsirkiya 8 ce bibbiyu, masu sautin G D A E, kuma a ɗaure suke tamau. Na taɓa murɗa ƴan ƙarafunan nan biyu na jikin jaki, wato katakon da tsirkiyoyin ke hawa kai, don in sauke shi, sai E ta fara zizi, ba shiri na mayar.

Daga ƙarshe na kai wa wani mai gyaran kayan kiɗa, kuma gaskiya mutumin ya san aikinsa. Abin da ya fara burge ni bai ma taɓa jakin da farko ba. Ɗaga ta ya yi ya kanne ido ɗaya yana leƙen wuyan, ya ce ya ɗan lanƙwashe, ya sa sifana ya murɗa ƙarfen cikin wuyan kaɗan, ko kwata bai kai ba. Sannan ya koma kan ɗan ƙashin nan na saman wuya inda tsirkiyoyi ke bi, ya ce "Malam ai nan ne ciwonka, ramukan ba su yi zurfi ba." Ya ɗauko ƴan siraran magagari yana gogawa sau biyu sau uku ya tsaya ya danna ya sake gogawa, wai in ka zarce ba gyara sai ciko ko sabo, kuma dole kowace tsirkiya ta zo daidai da ƴar uwarta in ba haka ba ɗaya za ta riƙa dannuwa kafin ɗaya.

Sai bayan nan ya auna tsayin tsirkiya a firet na 12, wato na 12 cikin ƴan ƙarafunan da ke gicciye a wuyan. Tawa ta kusa milimita 2.5, ya sauke ta zuwa wajen 1.5 a gefen G, gefen E ƙasa da haka kaɗan. Ashe kuma jakin ba a manne yake ba, nauyin tsirkiya ne kawai ke riƙe shi, nawa ya gusa tun ranar da na kwance duka takwas lokaci ɗaya, shi ya sa in na danna can gaba a wuyan sautin ke zarcewa ko da na'urar gwada sauti (tuna) ta ce komai daidai. Ya ɗan tura shi baya yana gwadawa har ya zauna.

Inda ban ji daɗi ba, kwana biyu ya ce min sai da ta yi biyar kuma ko kira babu. Ya kuma sa min sabbin tsirkiyoyi masu kauri bai tambaye ni ba, na kamfanin D'Addario ne masu kyau amma da na zaɓi marasa kauri, don haka in za ka kai taka ka faɗa tun farko.

Duk da haka zan koma wallahi. Jiya na yi fiye da awa ɗaya ina kaɗawa yatsa bai dame ni ba. Ya ce in danshi ya ƙaru katako na kumbura tsayin ya canza, in zan ɗaga jakin da kaina in fara sassauta tsirkiyoyin tukuna.