Na canza laftop, kalandata ta ɓace

Ni dai wannan manhaja ta tsara ayyuka, wato Microsoft Project, na kai shekara shida ina amfani da ita, ta 2013 ce a tsohuwar laftop ɗina, sai watan jiya allon ya mutu na haƙura na shiga Ikeja na sayi wata, yaron shagon ya ce ai Oga bari in sa maka ta 2019 ta fi kyau. Na tambaye shi har sau biyu, komai nawa zai dawo? Ya ce komai, har da rantsuwa. Fayilolina kam ya kwashe min su tsaf, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba.

Abin da bai kwaso ba shi ne kalandar da na zauna na gina da hannuna. Wanda ke aikin gini a Legas ya san me nake nufi. Mu Litinin zuwa Asabar muke aiki, ƙarfe 8 zuwa 6, ranar Juma'a a tashi ƙarfe 1 sai 3 a dawo saboda masallaci. Ga 12 ga Yuni, ga 1 ga Oktoba, ga Kirsimeti da washegarinta, sannan uwa uba Babbar Sallah wadda ni kwana goma cur nake toshewa, don birkiloli da leburorina rabinsu 'yan Agege da Mile 12 ne kuma duk gida Arewa suke tafiya, wanda ya ce maka zai dawo kwana uku bayan Sallah ka dai ce masa to kawai. Ranakun Sallah kuma ba sa tsayawa wuri ɗaya, duk shekara sai na gyara su da hannu.

To sabon aiki ya shigo a Ajah, bene hawa biyu. Na buɗe sabon fayil na zuba ayyuka cikin dare ina gyangyaɗi, ban duba komai ba na tura wa mai aikin. Da safe ina cikin gosulo sai ga waya. Alhaji ya ce "Injiniya, ranar Sallah za ka zuba min dekin? Da wa za ka zuba?" Wallahi kunya kamar ƙasa ta tsage. Ashe manhajar ta koma kan kalandarta ta asali, Litinin zuwa Juma'a, 8 zuwa 5, ba hutu ko ɗaya a ciki. Ta cire min duk Asabar, ta kuma jera aiki a kan ranakun da ba kowa a wurin. Dattijon bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi in sake dubawa da kyau, kuma wannan ya fi min zafi.

Sai da wani abokin aikina ya yi min bayani na gane. Kalandar da kake gani duk sanda ka buɗe sabon aiki tana zaune ne a wani fayil mai suna Global.mpt da ke ɓoye cikin kwamfutar, ba ya cikin foldar ayyukanka, shi ya sa yaron bai gan shi ba. Amma duk tsohon aikin da ka yi da kalandar, yana ɗauke da kwafinta a cikinsa. Sai ka buɗe tsohon aikin, ka shiga Oganaiza, wato wurin da ake kwafe abubuwa daga wani fayil zuwa wani a cikin manhajar, ka je shafin kalanda, ka zaɓi taka ka kwafe ta zuwa ɓangaren Global ɗin. Minti biyu ba ta kai ba. Gaskiya nan na ji daɗi sosai, fayil na 2013 ya buɗe ba gardama, hutun Juma'a da na Sallah duk suka dawo yadda na bar su, har na fara cewa a raina ashe laifina ne.

Murnar ba ta daɗe ba. Kwafe kalanda daban, ɗora ta a kan aikin daban, sai ka shiga bayanan aikin ka zaɓe ta da kanka. Na yi wannan. Sai na ga aikin da na rubuta kwana 10 yana ƙarewa a kwana na 9. Ashe adadin awannin yini ba ya bin kalanda, yana can wani saiti daban a kan awa 8 a yini, 40 a mako, alhali tawa awa 9 ce in an cire awa ɗaya ta hutu. Haka inuwar ranakun hutu a kan jadawalin, ita ma sai ka je ka nuna mata kalandar da za ta bi, in ba haka ba Asabar za ta ci gaba da fitowa kamar ba a aiki. Abu ɗaya wuri uku, kuma ba saƙon gargaɗi ko ɗaya. Da duk kuɗin da ake biya?

Zan ci gaba da amfani da ita don ban da zaɓi, masu ba mu aiki ita suka sani. Shagon nan kuwa caja kawai zan ƙara saya a wurinsu. Yanzu na ajiye wani fayil da ba komai a ciki sai kalandar, ɗaya a filasha ɗaya a imel, kuma Alhaji har yau in ya kira sai ya tambaye ni ko dekin ɗin Sallah na nan.