Windows ko Linux Mint a tsohuwar laftof: amsa ga mai nazarin ruwan saman Samaru

Ƙanwata, kin tambaya ko Windows za ki sa a laftof ɗinki ko Linux Mint, wani tsarin tafiyar da kwamfuta na kyauta. Tunda da R (manhajar ƙididdiga) da QGIS (manhajar taswira) za ki sarrafa bayanan damina, kuma laftof ɗin tsohuwa ce mai RAM 4GB, ki sa Linux Mint kawai, nau'in Xfce, wanda ba shi da nauyi a kan na'ura.

Da shi na rubuta kundina, a kan wata ThinkPad ta hannu da yayana ya bar mini. Nakan zauna a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello tun hantsi har la'asar, taswirori na buɗewa, lissafi na tafiya, fankar na'urar shiru. Ko sisi ban biya na lasisi ba, LibreOffice kuma, manhajar rubutu mai kama da Microsoft Office, a ciki yake zuwa. Har yau laftof ɗin tana aiki, matata ce ke shirya sakamakon ɗalibanta da ita.

Windows, to, idan malaminki ya kafe sai ArcGIS Pro, wata manhajar taswira da aka yi don Windows kawai, dole ki koma gare shi. Sai dai Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, shi kuwa Windows 11 sai na'ura mai TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta, wanda da wuya taki ta samu.

A nan ne wasu masu shago suke cutar ɗalibai. Za su cusa Windows 11 na sata a na'urar da ba ta cancanta ba, su ce "orijina ce", wani ma ya manna sitikar Core i7, alamar furosesa mai ƙarfi. Kada ki yarda da sitika, ki kunna ki duba da idonki.

Na ga masu cewa Bill Gates na leƙen asirinmu, kuma sauyin yanayi ƙaryar Turawa ce. Gates ya bar hukumar gudanarwar Microsoft tun 2020. Gaskiya ne Windows na tattara bayanan yadda ake amfani da shi, kamfanin bai ɓoye ba, ana kuma iya rage hakan. Batun yanayi kuwa, ma'aunai ne ke magana: Hukumar Yanayi ta Duniya ta ce 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara aunawa. Amma ke ma ki yi hattara. Damina ɗaya da ta yi jinkiri a Zariya ba hujja ba ce. Shekara 30 ake haɗawa kafin a yi hukunci.

Ki fara gwada Mint daga filas kafin ki goge komai, ki tabbatar Wi-Fi na kamawa.